Mutumin da ke Goshin Umitsubame

"Ba zan motsa shi ba, Malam," na ce.

Malam Ikegaya bai ɗago kai ba. Hantsaki ya miƙo mini, mariƙin yana fuskantata, kamar yadda ake miƙa wuƙa.

"Unno-san, tsawonsa bai kai farcen babban yatsanki ba. Ɗaga shi ki mayar baya. Aikin minti biyu ne."

"Minti ɗaya ne. Amma ba zan yi ba."

Tabata, mai ɗaura igiyoyin jirgi, ya ajiye zarensa ya gyara zama. "Farfesa ta yi magana," ya ce. "Kowa ya ɗauko littafi."

Mu biyar ne a shagon Malam, a bayan tashar jiragen ruwa ta Yaizu. Ƙananan jirage muke ginawa, na ajiyewa a cikin gilashi, don kamfanoni da gidajen tarihi. Shekarata uku a wurin. Na zo da digiri a tarihin jiragen ruwa, abin da babu wanda ya tambaye ni, kuma babu wanda na bari ya manta da shi. Aikina fenta ƙananan mutanen da ake dasawa a jiragen. Malam ya daina tun da hannunsa ya fara rawa, ni kuwa ina iya sa wa mutum gira da buroshi mai gashi uku.

Jirgin da ke kan tebur sunansa Umitsubame, na kamun kifin katsuo, an rage shi ɗaya bisa ɗari. Shugaba Oishi ne ya sa a gina, don bikin cikar kamfaninsa shekara saba'in. Jirgin mahaifinsa ne na farko. Hoto ɗaya tak ya rage na jirgin da mutanensa a teku, kuma ba a kamfanin na samo shi ba. A wurin Iya Fumie na samo, wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi a bakin tasha. Ta fito da shi a naɗe cikin hankici, ta ɗora yatsa a goshin jirgin.

"Babana ke nan, Genzo. Shekara goma sha tara a goshi. A nan za ki sa shi?"

"A inda yake zan sa shi, Iya."

Duk ɗan Yaizu ya san goshi ba a ba da shi don shekaru, ba a ba da shi don mallaka. Wanda hannunsa ya fi sauri da sandar fatsa shi ke tsayawa a can, sauran su jeru a bayansa gwargwadon iyawarsu. Wuri ne na mutum ɗaya.

Mahaifin Shugaba ma yana cikin hoton. Yana can baya, zaune, ya rungume bokiti da hannu biyu, kansa a ciki. Mai jirgi ne, ba masunci ba, kuma da alama ranar teku ba ta yi masa kirki ba. Haka na fenta shi. Bokitin ya ci mini yini guda, girmansa kamar ƙwayar riɗi, har da mariƙi.

Shugaba ya ga hoton aikin, ya kira Malam a waya. Yana son mahaifinsa a goshi da sanda, Genzo a baya.

Da a wani shago ne, da maigida ya ɗauki hantsaki ya yi da kansa, an wuce wurin. A namu akwai doka: wanda ya fenta mutum shi ke dasa shi, shi kaɗai kuma ke cire shi. Malam ne ya kafa ta shekara arba'in da suka wuce, ya rubuta a katako ya rataye a bisa ƙofa. Ranar ya daɗe yana kallon katakon kamar wani ne ya shigo ya rataye shi.

"To," ya ce. "Gangunan jirage uku suna jiran sanfefa."

Gugar gangar jikin jirgi da sanfefa, takardar nan mai kaushi, aikin sabon shiga ne. Ana yinsa a ɗakin baya, inda babu taga, kusa da injin wanki. Idan ka gama gugar, ka shafa jan fentin ƙasan jirgi, wanda ba ya son gwaninta, sannan ka sake gugewa. An ƙara mini dafa shayi da sharar ƙasa. Na karɓa. Shayina ya fi na Tabata, na kuma gaya masa.

Kowace safiya ina samun hantsakin a kan teburina, an ajiye shi daidai, mariƙin yana kallona. Kowace yamma ina mayar da shi teburin Malam, mariƙin yana kallonsa. Ba mu taɓa yin magana a kai ba. Muna gaisawa, yana tambayar mahaifiyata, ina tambayar gwiwarsa.

A kwana na goma sha biyu wayata ta daina gane yatsana. Sanfefa ta cinye zanen. A na goma sha biyar mahaifiyata ta kama hannuna a wurin cin abinci, ta juya shi.

"Mikoto, shekara huɗu a jami'a."

"Da rabi, Mama."

"Saboda mutumin roba."

"Na ƙarfe ne."

Ta ƙara mini shinkafa.

Tabata ya yi ƙoƙarin taimakawa, irin nasa. Na ji shi ta ƙofar ɗakin baya yana ce wa Malam gwiwar hannu tana iya gogar goshin jirgi bisa kuskure, abu ne da ke faruwa, shi ma gwiwarsa ba ta da tarbiyya.

"A shagona ba a yin kuskuren da aka shirya," Malam ya ce. "Koma kan igiyarka."

Da Tabata ya shigo ɗaukar shayi na ce masa na ji. Ya ce, "Farfesa, ke nake ceto. Ki cire tsohon nan, ya mutu tun kafin a haife ki. Ba zai kai ƙara ba."

"'Yarsa tana raye. Kana sayen kifi a wurinta."

"Zan canza shago."

A kwana na goma sha tara Shugaba Oishi ya zo da kansa, da kwalin alewa. Mutum ne mai ladabi, ya haura sittin, ya cire takalmi ba a ce masa ba. Aka kira ni daga ɗakin baya, jan fenti har gwiwar hannuna. Ya sunkuya kan jirgin da gilashin ƙara girma, ya daɗe a baya, wurin mahaifinsa.

"Kunnuwansa ne," ya ce a hankali. "Yaya kika yi kunnuwan?"

"Suna cikin hoton, Shugaba."

"Unno-san, mutum ɗari biyu za su zo bikin nan. Jikokinsa za su zo. Duk an gaya musu kakansu mutumin teku ne."

"Yana kan teku, Shugaba."

Tabata ya yi tari ya fita.

Na ga fuskar mutumin, kuma ba dutse ba ce ni. Na ce, "Bokitin zan iya cirewa. Nasa ne, ku ne magadansa, kuna da iko a kansa. Goshin ba nasa ba ne."

"Jirgin fa na wa ne?"

"Nasa. Shi ya sa ya san wanda ya sa a goshi."

Shugaba ya miƙe. Ya sa takalminsa, ya sunkuya wa Malam, bai sunkuya mini ba. Ya bar alewar. Na yi amfani da hantsaki a karon farko cikin kwana goma sha tara, na cire bokitin, na sa shi a aljihun rigar aikina, na mayar da hantsakin teburin Malam. Washegari yana kan teburina.

A shagonmu daɓen jirgi daban ake gama shi, da mutanensa da komai, sai a ranar ƙarshe a ɗora shi kan gangar jirgin a liƙe. Kafin a liƙe, duk wanda ya taɓa aikin yana rubuta sunansa a cikin gangar, inda babu mai sake gani. Malam ya kan ce sunan da ke kan allon waje na mai saye ne, na ciki na mai yi. Jirage goma sha ɗaya ne ke ɗauke da sunana a ciki. Wannan ne na farko da duk mutanensa, ashirin da shida, nawa ne.

Ranar ta faɗo a kwana na arba'in da shida, saura huɗu biki. Aka share tebur, aka jiƙa tawada. Malam ya rubuta nasa, sauran suka rubuta, Tabata ya yi nasa da girma kamar kullum. Sannan Malam ya ajiye hantsaki da alƙalami a gabana, gefe da gefe.

"Duka biyun, ko babu ko ɗaya."

"Malam, dokarka ce."

"Na sani. Ni na rubuta ta. Shagon ma nawa ne, mutum biyar ke ci daga cikinsa."

Na sa hannuwana a aljihu. Yatsana ya taɓa bokitin, ko da yake bai ji shi sosai ba. Malam ya jira har tawadar ta fara bushewa a bakin alƙalamin. Sannan ya shafa gam, shi da Tabata suka ɗora daɓen, suka danna. Genzo yana goshi, sandarsa a sama.

Kamfanin ya karɓi jirgin, don babu lokacin gina wani. Suka ajiye shi a zauren shiga, bayansa yana fuskantar bango, saboda haka duk wanda ya shigo Genzo yake fara gani. Mahaifin Shugaba, tunda babu bokiti, ya zama mutum mai sunkuye da hannu biyu a gaba. A takardar bikin an rubuta cewa yana gode wa teku.

Jirage biyu da kamfanin ya ce za mu gina musu bayan wannan, an kai wa wani shago a Shimizu. Bayan sati biyu Malam ya kira ni ya ce aikin da ya rage bai ishi mutum biyar ba. Ya faɗa a tsaye, ya sunkuya har ƙasa duk da gwiwarsa. Na mayar masa da buroshina, ya ce in riƙe.

Na kai Iya Fumie zauren a motar haya, na ba ta gilashina na ƙara girma. Ta manna ido a jikin akwatin da jirgin ke ciki, ta daɗe har mai gadi ya fara matsowa.

"Hancinsa bai kai haka girma ba," ta ce.

"Ya kai, Iya. Na auna."

"Hm." Ta mayar mini da gilashin. "Amma a wurinsa yake."

A hanyar dawowa ta ba ni ƙullin busasshen kifi, ta kuma ce in ƙara cin abinci.

Yanzu ina wata masana'anta, ina duba sassan roba a kan bel ɗin inji mai tafiya, in ware masu tabo. Zanen yatsana ya dawo bayan wata biyu. Da za a sake miƙo mini hantsakin, aljihu zan sake sa hannuna. Amma na rasa aikin da na fi kowa iyawa a garin nan, na rasa malamina, kuma jirgin da na fi kowa yi wa aiki babu sunana a cikinsa. Bokitin yana nan a wurina.