Cene Bai Taɓa Shan Giya Ba

Polde ya tsani ganin hoton nan a bango. Ubansa ne, Cene, da hular mahaƙa da fitila a hannu, an rataye shi a gidan abincin da ya girmi kakan kowa a Idriya. Tun da aka rufe ramin zaiba garin ya koma dogaro da baƙi masu yawon buɗe ido, Rezka kuwa, 'yar yayarsa da ta gaji gidan, ta gano abin da baƙi ke so. Ba curin dankalin da take dafawa ba. Fatalwa.

Kullum da rana tsaka sai ta tsaya ƙarƙashin hoton, ta rage murya, ta ce wai Cene ya yi tatul da giya ya shiga rami bai fito ba, har yau yana zuwa neman kofinsa na ƙarshe. Ana cikin haka sai a ji ƙwas-ƙwas daga bango. Mata su dafe ƙirji, maza su ɗaga waya.

Ƙarya ce tsagwaronta. Cene bai taɓa kai giya bakinsa ba. A kan gadonsa ya mutu, zaiba ta cinye shi har cokali ya gagare shi riƙewa. Bugun kuwa na tsofaffin mahaƙa ne da ke zama a ɗakin baya, bangon katako kawai ya raba su da baƙi. Su ba sa musabaha. Tun zamanin da ake fitowa daga rami hannu baƙi ƙirin, duk wanda ya shigo sai ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu. Gaisuwar ke nan.

Polde ya tare Rezka a madafa. "Sauke shi. Kakanki ne fa, kin mai da shi mashayi."

"Haba Kawu, wa ya san shi a cikinsu? Labari ne kawai."

"Ni na san shi."

"To ka je ka faɗa musu tsofaffi ne ke buga tebur, mu ga mai saurarenka."

Ya je ya faɗa. Wata baƙuwa ta dube shi da tausayi ta ce ai dangi kullum su ne ƙarshen yarda, har ta nemi su yi hoto tare.

Ya faɗa ɗakin baya yana huci. "Daga yau ba mai sake buga teburin nan. In ba bugu, ba fatalwa."

Ferdo, abokinsa tun suna tura amalanke a rami, ya tuntsire da dariya. "To da me za mu gaisa, shugaba? Mu riƙa rungumar juna? Kai da warin tafarnuwar nan taka?"

"Ku yi musabaha kamar mutane."

"Mu mutane ne? Yaushe aka yi mana ƙarin girma?"

Amma sun yarda, don dukansu sun yi aiki a ƙarƙashin Cene. Aka shiga musabaha, kowa na jin kamar an kai shi gidan surukai. Wani ya manta ya ɗaga hannu zai buga, Polde ya cafke. Bango ya yi tsit. Rezka ta yi ta rage murya ƙarƙashin hoto, ba ƙwas ko ɗaya. Baƙi suka fara hamma, wasu suka tashi ba su ƙarasa abinci ba.

Da abin ya ishe ta ta ce, "Ka ci, Kawu. Ran Lahadi ka zo ka ɗauki hotonka."

Ran Alhamis Ferdo ya faɗi a lambunsa, bai tashi ba.

Ran Asabar, da aka dawo daga maƙabarta, tsofaffi suka shiga ɗakin baya suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya zauna. An san abin da ake yi: kowa ya je gaban kujerar mamaci ya buga masa tebur, sallamar ƙarshe, amininsa ne ke farawa. Duk suka zuba wa Polde ido. Ta cikin katako yana jin Rezka da wata motar baƙi, ta kai labarinta daidai wurin kofin ƙarshe.

Ya dubi kujerar. Ya yi tsaki. Gobe-goben nan fa zai ɗauki hoton!

"Ko a mutuwa sai da ka cuce ni, ɗan banza," ya ce.

Ya dunƙule hannu ya buga. Na bayansa ya buga, na bayan wancan ma, har katakon bango ya ɗauki rawa. Can waje aka kwashe da ihu, kujeru suka zube, wani na faɗin ya ga hoton ya motsa.

Ran Lahadi Polde ya zo da jaka. Tun daga bakin titi ya hangi layi har ya sha kwana. An yi wa hoton sabon firam, an ajiye masa kofi cike da giya a ƙasa.