Taken Mairamu

Wuta ta dawo ƙarfe biyu da kwata. Mas'udu ya zabura daga bakin ƙofa ya kunna kwamfuta, yana addu'a kada a sake ɗauke ta. Tun safe sau uku ke nan. Ɗakin da yake haɗa kiɗa a unguwar Pumpumre bai fi shagon mai shayi girma ba, bangon duk an manne shi da kwalin ƙwai, ga zafin Garwa na watan Afrilu mai sa mutum ya tsani rigarsa.

Ƙarfe huɗu za a rufe karɓar kiɗa na wani babban biki a Duwala, kuma mutum ɗaya tak za a ɗauka daga arewa. Shekara shida Mas'udu yana haɗa wa mawaƙan aure kiɗa, su tafi da suna, shi ya zauna da gumi. Wannan karon nasa ne na kansa: gangar na'ura mai girgiza ƙirji irin ta gidajen rawa, a kanta kuma goge yana kuka. Gogen daga wani tsohon kaset ya ɗauko shi, wanda ya tsinta a ƙasan akwatin kawunsa Ilyasu. Bai tambaya ba.

"Ka tura kawai, mon frère, ɗan'uwana," in ji Zacharie, abokin aikinsa mai daidaita sauti. "Abu ya yi. Kana ta juya shi kamar mai suyar ƙosai."

"Saura kaɗan."

"Tun Talata kake cewa saura kaɗan!"

Sai suka ji sallama. Mas'udu ya gane muryar. Kawu Ilyasu ne, wanda ya riƙe shi tun yana shekara biyu da mahaifiyarsa ta rasu. A zamaninsa, daga Garwa har Mayo-Ulo ba a yin biki mai suna sai da gogensa. Yanzu hannun ya fara rawa, ya rataye gogen. Ya shigo ya tsaya, ya ƙi kujerar da Zacharie ya miƙa masa.

"Na hau babur daga kasuwa," ya ce, "sai na ji hannuna yana fitowa daga wayar mai babur."

Mas'udu ya harari Zacharie. Shi ne ya tura wa abokai guntun kiɗan, wai don su ɗanɗana. Zacharie ya shiga gyaran wata waya da babu abin da ya same ta.

"Kawu, na yi niyyar gaya maka..."

"Niyya ba ta kai kowa Makka. Ka san abin da ka ɗauka?"

"Goge ne, Kawu."

"Goge ne! Ji shi. Take ne, Mas'udu. Kiɗan da makaɗi ke yi wa mutum ɗaya, nasa shi kaɗai, ya ji ya san da shi ake. In mai shi ya rasu, sai a ajiye. Wannan taken Mairamu ne. Uwarka. Shekara ashirin da takwas ban taɓa shi ba."

Fanka tana ta juyi tana kora iska mai zafi. Mas'udu ya kalli agogon kwamfuta ba da son ransa ba, uku saura minti goma, ya ji kunyar kallon. Abin da ya sani na mahaifiyarsa hoto ɗaya ne, tana zaune a kujera da mayafi. Ashe wata biyu ke nan yana yanka takenta yana liƙawa.

"In ka ce in goge kiɗan, zan goge shi," ya ce. Muryarsa ta nuna ba ya so.

"Kunna mini in ji tukuna. Duka."

Ya kunna. Ganga ta shigo, dum, dum, dum, a miƙe, gogen ya hau kanta ya zauna daram. Zacharie ya kasa hana kafaɗarsa motsi. Kawu Ilyasu ya rufe ido yana bi da yatsa a jikin rigarsa. Can sai yatsan ya tsaya.

"Me ka yi masa?"

Mas'udu ya ɗan sami ƙarfin gwiwa, don nan ne aikin da yake alfahari da shi. "Na gyara shi, Kawu. Kaset ɗin ya tsufa, ya saki. Duk bugu na huɗu sai gogen ya makara, ya ɗan ja baya. Kwana tara na yi ina jawo su ɗaya bayan ɗaya har suka hau layi."

Tsohon ya dube shi. Sannan ya jawo kujerar da ya ƙi ɗazu ya zauna.

"Kaset ɗin lafiyarsa ƙalau," ya ce a hankali. "Mairamu tana ɗingishi. Shan inna ta taɓa ƙafarta ta hagu tana ƙarama. In 'yan mata suka shiga fili, ita sai ta tsaya baya, don kiɗa yana barin ta. Ni kuwa ƙanwata ce, ina kallo. Shi ne na yi mata wanda zai jira ta. Taku uku, a na huɗun goge ya dakata har ƙafar ta iso. Wallahi ranar da ta fara shiga, ba wanda ya iya bin ta."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini," in ji Mas'udu.

"Wa zai zauna yana gaya wa maraya aibin uwarsa?"

Mas'udu ya sunkuyar da kai. Ya ji haushin kansa, ya ji kewar matar da bai ma san takunta ba. Ya juya ga kwamfuta, uku da minti ashirin. Ya buɗe ainihin abin da ya kwafo daga kaset, ya watsar da aikin kwana tara. Sannan ya kama gangar na'urar, ya fara jan kowane bugu na huɗu baya, yana sauraro, yana ƙara ja. Gumi na ɗiga a kan madannai. Kawu bai ce a tura ba, bai kuma ce a goge ba. Sau ɗaya kawai ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙara kaɗan. Ba ta kai ba tukuna."

Huɗu saura minti bakwai ya kunna daga farko. Ganga ta yi uku, ta dakata, ta sauka tare da gogen.

Zacharie ya gwada taka rawa, ƙafarsa ta riga kiɗan, ya sake gwadawa ya kusa faɗawa kan lasifika.

"Kai, Mas'udu! Alƙalan Duwala za su ce na'urarka ta lalace. Wa zai iya rawa da wannan?"

Kawu Ilyasu ya share ido da bakin hularsa.

"Ita ta yi," ya ce.

Mas'udu ya goge sunan Faransanci da ya sa wa kiɗan, ya rubuta Mairamu, ya danna tura.