Kwat ɗin Shodi

A garin Batley, shodi sana'a ce tun kafin ta zama zagi. Tsummokaran ulu ake tarawa, inji ya yayyaga su, a gauraya da sabon ulu a sake saƙawa, yadin da ya fito shi ne shodi. Da shi Enoch Hirst ya ci ya sha, da shi ya binne matarsa. Daga baya 'yan kwangila a Amurka suka ɗinka wa sojoji kaki da mafi ƙasƙancinsa, ruwan sama ya zagwanye musu shi a jiki, sai sunan ya koma na duk wani abin banza. Ba a nemi ra'ayin Enoch ba.

Da aka sa ranar auren 'yarsa Tabitha da ɗan wani mai kantin magani a Harrogate, Enoch ya zaɓi yadi a masaƙarsu da hannunsa, tela ya ɗinka masa baƙar kwat. A cikinta yake so ya raka 'yar tasa coci.

Tabitha ta shafa kwat ɗin, ta yi ta kewaye-kewaye. Wai mutanen Harrogate akwai sa ido, wai uwar angon ba ta da linzami a baki.

"Baba, ka ari ta Jabez mana, tasa ba shodi ba ce. Rana ɗaya ce fa."

"Jabez mai haƙa kabari? Tasa ta saba da kuka, yarinya."

"Baba, don Allah."

Ya dubi fuskarta, ya ga tsoro ne ba raini ba, kuma hakan ya fi masa ciwo. Ya rataye tasa a bayan ƙofa.

Kwat ɗin Jabez ta matse shi a hammata, hannuwanta ba su kai wuyan hannunsa ba. Haka ya raka Tabitha gaban limamin coci, kamar wanda aka ɗaure.

A gidan saukar baƙin da aka yi walima uwar angon ta ɗaga cokalin gidan, ta juya shi, ta taɓe baki.

"Ku dubi wannan. Shodi!"

Aka yi dariya. Tabitha ma ta yi, har ta fi kowa. Ba ta dubi ɓangaren ubanta ba. Enoch ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da yanka namansa a hankali, don kada ɗinkin hammatar ya ɓarke a kayan mutane.