Shahata Ya Ƙi Wuƙa

"To in ciwon ya motse, me kuma za ku yanka?" in ji Shahata.

Likitar ta juyo musu da fuskar kwamfuta, ta ɗora bakin biro a kan wani ɗan tabo. Hilmi, maƙwabcinsa da ya rako shi, ya miƙa wuya ya duba. Bai ga komai ba sai toka-toka.

"Ya Hajji, ka saurare ni," ta ce. "Sankarar nan ta riga ta ci cikin naman mafitsara. A da wuƙa kaɗai muke da ita. Yanzu da magani muke farawa, ɗaya ya kashe abin da zai iya kashewa, ɗaya ya tada garkuwar jikinka ta yaƙi sauran. Sai a cire mafitsarar, a ci gaba da na garkuwar. Ka gama kashin farko, jikinka kuma ya karɓa fiye da yadda na zata. Amma ɗan abin da ya rage ɗin nan, shi ne ke yaɗuwa a jiki."

"Sai in tsaya a sahun gaba da jakar fitsari rataye a kwiɓi?"

"Mutane da yawa suna salla da ita. Ka tambayi malamai."

"Allah ya ba su lada, Daktora." Ya miƙe ya gyara jallabiyarsa.

Bango ɗaya ne tsakanin gidan Hilmi da na Shahata a ƙauyensu na bayan Mansura, a ƙasar Masar. Tare suka tashi, tare suka yi iyo a magudanar ban-ruwa, tare suka yi tsargiya suna dariyar jan fitsari, a zatonsu alamar zama namiji ce. Da ciwon ya bayyana, ɗan Shahata, Sabri, yana aikin gini a Kuwait, sai rakiya ta faɗa wuyan Hilmi. Shi ya zauna gefen gado ana ƙarin ruwa, shi ya riƙe roba lokacin amai. Ya kuma san abin da likitar ba ta sani ba: Shahata yana yaro aka kai mahaifinsa tiyatar mafitsara da ƙafafunsa, aka dawo da shi a kwance a bayan amalanke.

A mota Hilmi ya ce, "Abu Sabri, ka ji tsoron Allah. Wancan zamani daban, wannan daban."

"Wuƙar ce ta canja, ko naman mutum?"

"Ta ce zai dawo."

"Kai da ganin allura sai ka nemi bango ka dafa, kai ne za ka koya mini jarumta? Jini ya tsaya. Na warke. Saya mana gyaɗa."

Kuma kamar ya warke ɗin. Gashinsa ya fito, kumatunsa suka ciko. Matarsa Umm Sabri ta yanka agwagwa, ta yi miyar lalo, aka raba wa layin gaba ɗaya. Ya koma gona ya shuka alkama. In an kira daga asibiti sai ya miƙa mata wayar ya ce, "Ce musu ina gona bayan baunar noma, ba na ji." Ita kuwa sai ta tare Hilmi a ƙofa, murya ƙasa-ƙasa: "Ka yi masa magana, kai yake ji." Ya yi, har Shahata ya fara ce masa mai shelar mutuwa.

Hilmi bai taɓa sakin jiki da wannan lafiyar ba. Ko tarin Shahata ya ji ta bayan bango sai ya ajiye lomar da ke hannunsa.

Alkama ta fara ja lokacin da abin ya faru. Ana sallar la'asar, liman ya ɗago daga sujada, kowa ya ɗago, ban da Shahata. Hilmi na kusa da shi, yana jin numfashinsa yana fita da ƙyar ta cikin haƙora.

"Bayana," ya raɗa. "Hilmi, bayana ya ƙi."

Ranar da suka koma Mansura, Shahata ya yi aski, ya sa farar jallabiya, ya riƙo 'yar jakar kaya da Umm Sabri ta haɗa masa. Likitar ta daɗe tana kallon sabon hoton. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma rashin faɗan ne ya fi tayar wa Hilmi hankali.

"Na shirya, Daktora," in ji Shahata. "Ga kayana. Ki yanka. Jakar ma na yarda, na tambayi liman."

"Ya Hajji, ya kai ƙashin baya. Aiki ba zai amfane ka ba yanzu. Akwai wani sabon magani da zai iya rage masa gudu, za mu gwada."

"Amma na yarda," ya sake cewa, yana duban Hilmi kamar shi ne zai sa baki a sasanta.

An gwada. Ya ɗan samu sauƙi, sannan ƙodarsa ta gaza, aka dakatar. Aka sauko da gadonsa ɗakin ƙasa, kusa da ƙofar titi, don ya riƙa jin mutane. Sabri yana ta faman neman izinin tahowa.

Wani hantsi Hilmi na zaune yana kore masa ƙuda, Shahata ya buɗe ido.

"Kai matsoraci."

"Na'am."

"Ruwa ɗaya muka yi wanka da shi. Ka je a duba ka."

"Ni lafiyata ƙalau."

"Ƙarya kake. Tun muna yara in ka yi ƙarya kunnenka ke motsi."

Hilmi ya dubi ƙofa, ya ga Umm Sabri ba ta kusa. "Sau ɗaya na ga jini," ya ce. "Ɗan kaɗan. Wataƙila zafi ne."

"Ni ma zafi na ce." Shahata ya laluba ya kama hannun rigarsa. "In sun ce magani, ka sha. In sun ce wuƙa, ka kwanta. Ka yi kukanka, ba wanda zai gaya wa mutanen gari. Rantse."

Hilmi ya rantse.

"Yawwa. Yanzu juya ni, wannan gefen ya gaji."

Ya juya shi ya fuskanci alƙibla. A waje mai sayar da gas yana wucewa yana buga tukunya da ƙarfe, wata mata tana kiransa daga bene. Hilmi ya ci gaba da kaɗa mafici. Sai da ƙuda ya sauka a leɓen Shahata ya zauna, leɓen bai motsa ba, sannan ya gane. Ya daɗe a tsaye da mafici a hannu kafin ya iya cewa innalillahi.

An binne shi bayan azahar. Sabri ya iso washegari, ya tarar da kujerun makoki a jere a layi.

Da aka share makoki, Hilmi ya fito da safe bai karya ba, ya gaya wa matarsa asibitin Mansura za shi, ya ƙi yarda ta bi shi. A tasha ya bar mota ɗaya ta tafi, ya shiga ta bayanta. Ya zauna, ya dafa kujerar jikin taga, inda Shahata ya saba zama, da tafin hannu. Fasinjoji suka yi ta shiga har mota ta cika, saura wurin.

"Ya Hajji, akwai mai wurin nan?" in ji direba.

Hilmi ya dubi hannunsa. A hankali ya ɗauke shi, ya ɗora a gwiwa.