Keken Shukar Malam Aƙilu

"Baba, bakin mutanen garin nan nake tsoro," in ji Mus'ab, mijin 'yata Amatullah. Muna tsaye a ƙofar ɗakin mahaifinsa, maƙwabcina Malam Aƙilu, wanda ciwon hanta ya kwantar tun farkon bazara. Mus'ab ya ce lauya zai zo daga Kaduna ya duba keken shuka, idan wani ya saki baki, aikin ya lalace.

Ban gane ba. Keken nan kowa a Ƙarfi ya san shi. Malam Aƙilu mai walda ne, ya haɗa shi da tayar keke da gwangwanaye biyu, na iri da na taki. Kana turawa masara na faɗawa raminta, taki na sauka gefe yadda ba zai ƙone ta ba. Saboda shi Mus'ab ya bar aikinsa a kamfanin auduga na Funtua, wai idan hukuma ta ba su takardar mallakar ƙirƙira, ba mai ƙera irinsa sai da izininsu. Ga cikin Amatullah ya tsufa. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Mus'ab ya ce sharaɗin shi ne abin ya zama ana iya ƙera shi a yi aiki da shi, kada ya zama dabarar da kowane mai walda zai hango da kansa, sannan ya zama sabo. Sabo kuma, wai wanda jama'a ba su riga sun san yadda yake ba.

Ashe tsohon idonsa biyu. Daga kan katifa ya ce, "To da na ƙera na tura ƙarƙashin gado, shi ne sabo?"

Mus'ab ya ce kusan haka ne.

"Malam Shitu, kai ka gane?"

Na ce ban gane ba. Ya ce to mun zama mu biyu, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ranar da lauyan zai zo, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Mun dawo daga maƙabarta muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida sai ga lauyan, Barista Awaisu. Ya cire takalmi, ya yi ta'aziyya cikin ladabi. Liman ya tambaye shi inda ya san mamacin, ya ce maganar keken shuka ta kawo shi.

Nan fa aka buɗe baki. Maitama, wani manomi a unguwarmu, ya ce damina nawa yana aron keken nan, marigayi bai taɓa ɗaure masa fuska ba. Wani baƙo daga Gozaki ya ce ƙaninsa ma da yatsa Malam Aƙilu ya zana masa a ƙasa yadda ake haɗa shi, yanzu haka akwai irinsa a garinsu. Wani ya ciro waya ya nuna wa Barista bidiyon keken yana aiki, ya ce har mutanen Maska sun gani. Kowa ya gama sai ya ce Allah ya sa a mizani, mu ce amin. Mus'ab ma amin yake cewa, kansa a ƙasa. Wa zai hana a faɗi alherin ubansa ranar da aka binne shi?

Liman ya juyo gare ni. "Malam Shitu, kai ne katanga ɗaya da shi."

Ina jiyo kukan Amatullah daga cikin gida. Na ce mutumin kirki ne. Aka jira, ban ƙara ba.

"Kai da a gonarka aka fara gwada keken," in ji Maitama, "iyakar shaidarka ke nan?"

Na ce maƙogwarona ne ya bushe. Aka miƙo mini ruwa, amma na ga irin kallon da aka yi mini.

Da muka raka Barista gindin mota, ya ce ba zai rufe mu ba, da wuya takardar ta fito, tunda kowa ya riga ya san keken. Sai ya tambaya ko akwai wani gyara da marigayi ya yi wanda ba a nuna wa kowa ba. Mus'ab ya ce kafin mahaifinsa ya kwanta ciwo yana sake fasalin bakin da taki ke fita, bai gama ba.

Muka buɗe shagon. A kan benci akwai ɗan ƙarfe lanƙwasasshe, an huda shi gefe ɗaya, ɗaya gefen an ja layi da alli ba a yanka ba. Mus'ab ya juya shi, ya miƙo mini, na juya na ajiye inda yake.

Har yau ba mu san ko takardar za ta fito ba. Ba mu kuma san me Malam Aƙilu ya yi niyyar yankewa a layin nan ba.