Makullin Banɗakin Farfesa

"Ɗauke min shi, Baji," in ji Nimra. Ta ture kofin ruwan da bayan hannu kamar guba na miƙa mata.

A birnin Multan na Pakistan fa muke, tsakiyar zafi, lokacin da ko kare ba ya tsallaka titi. Nimra ƙanwata ce, Baji take ce min, wato Yaya; ita za ta zama lauyar gidanmu in ta ci jarrabawar shiga karatun lauya. Ni da aka cire daga makaranta aka ɗora a keken ɗinki, ɗan abin da na sani a tsofaffin littattafanta na tsinta, don haka ba a neman ra'ayina.

"Ko kurɓi ɗaya?"

"Farfesa ya ce mai tashi fitsari ba ya zama lauya."

"Shi nasa a ka yake tarawa? Shi ya sa kan ya kumbura."

Ammi ta harare ni. "Shagufta, kama bakinki. Mutumin da ya je Landan!"

Ya je kam. Bikin ɗan wansa.

* * *

Farfesa Tauqir shi ya raɗa wa kansa farfesan. Makarantarsa ta share fage tana saman shagon taya, kuma abin da yake sayarwa shi ne juriya. Yakan kulle yara tun hantsi har la'asar suna jarrabawar gwaji, babu mai motsi. Banɗaki ɗaya ne, makullin yana aljihunsa. In an tashi, maza su sauka bayan katanga. 'Yan mata babu katangar da za ta rufa musu asiri, sai suka daina shan ruwa tun daga gida.

Da leɓen Nimra ya fara tsagewa, na hau benen. Na tarar da shi cikin baƙar kwat yana gumi, ga gorar ruwan sanyi tana raɓa a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, a buɗe wa 'yan matan nan banɗaki mana."

"'Yar'uwa, ajinki nawa a makaranta?"

"Takwas."

"Na ga alama." Ya kurɓi ruwansa. "Alƙali ba ya jiran mafitsarar kowa."

"Alƙalin shi ma a aljihu yake yawo da makulli?"

Da yamma Nimra ta dawo tana kuka, wai na kunyata ta gaban aji. Abbu ya ce kada in sake taka wajen. Na koma kan kekena na ci gaba da kafe wuyan riga.

* * *

Zazzaɓi ya fara kama Nimra, bayanta ya riƙe. Ta ce zama ne. Ammi ta ce baki ne, ta yi hayaƙi.

Ranar jarrabawa da safe Ammi ta yi tofi a kofin tangaran, ta zo da shi a tafin hannu biyu.

"Sha, 'yar albarka."

"Ammi, in na dawo."

"Addu'a ce fa!"

"Addu'ar ma fita za ta nema," in ji Nimra, tana murmushi da busasshen baki.

Ta ɗauki alƙalumanta, ta kai bakin ƙofa, ta dafa bango, ta sulale. Keken hayar da Abbu ya kira don kai ta jarrabawa shi ya kai mu asibiti.

Likita ta ce ciwon ya hau ƙoda. "Wa ya hana yarinyar nan ruwa?"

Kowa ya kalli ƙasa. Ni ma na kalla, tunda ajina takwas.

Aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Ta kafa wa agogon bango ido, tun daga lokacin raba takardun jarrabawa har lokacin karɓa, ba ta motsa ba, ba ta nemi tashi ba. Da Farfesa ya gani da ya yi alfahari.

Da la'asar na koma gida ɗauko mata kaya. Kofin yana nan a kan taga inda Ammi ta ajiye, cike fal, wani ƙuda yana iyo a ciki.