Gashin Ƙirjin Agwagwa

A shekarar nan watan Mayu ya yaudari kowa a gaɓar yammacin Iceland, amma babu wanda ya yi wa wayo kamar Steinunn, wadda ta yi rabin rayuwarta tana gargaɗin mutane kada su yarda da shi. Rana ta fito tarwai, ciyawa ta yi kore shar, teku ya kwanta luf. Har mijinta Ketill ya tuɓe rigar ulu ya zauna a bakin ƙofa yana shanya farin tumbinsa, yana cewa ai bana sanyi ya yi sallama tun da wuri.

Agwagin teku ma sun yarda. Suka hau ɗan tsibirin su Steinunn suka cika shi, kowace ta nufi gurbinta na bara, ta fige lallausan gashin ƙirjinta ta shimfiɗa wa ƙwanta, ta hau kwanci. Tsohuwar yarjejeniya ce tsakaninsu da gidan. Mutane su kore musu hankaki, su kuma idan ƙwai ya kusa fashewa su bari a ɗebi gashin don cusa barguna, a sa musu busasshiyar ciyawa a madadinsa. Mahaifiyar Steinunn ce ta jawo su tsibirin tun babu ko ɗaya, da hannunta ta jera duwatsun da suke fakewa. Agwagwa kuwa tana da zuciya. In ta yi asarar ƙwanta a wuri, sai ta yi fushi da wurin, baɗi ba za ka ga ƙeyarta ba.

Steinunn ta san duk wannan fiye da kowa. Amma da ta ga gashin ya bushe sarai a cikin rana, ga laushi ga tsabta, irin wanda ba a samu kowace shekara, sai haƙurinta ya ƙare. Ta ce za ta kwashe na gefen arewa tun kwanci bai yi nisa ba. Ketill ya ce ta ɗan jira.

"Yaushe ka zama malamin agwagi?" in ji ta. "Kai da ko kaza ba ka iya kamawa. Tashi ka ɗauko min buhu, tsoho."

Ya ɗauko, don tun suna da ƙuruciya ya daina musu da ita a kan tsuntsu. Suka kwashe gashin, suka cusa ciyawa, suka jingine buhunan a kusurwar ɗaki.

Yuni na kamawa iska ta juya ta koma arewa. Da farko ɗan sanyi ne ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin a sauke tukunyar rana sama ta haɗe baƙi ƙirin, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, kuma ba daga sama yake saukowa ba, a kwance yake tahowa daga teku, haɗe da ƙanƙara mai yankan fuska. Gidan katako ya riƙa ƙara yana girgiza. Igiyar ruwa na dukan dutse, kumfarta na tsallake rufin ɗakin ajiye jirgin ruwa ta faɗo a tsakar gida. Steinunn ta tsaya a taga. Gashi yana riƙe ɗumi ko da an sha ruwa, ciyawa kuwa da ta jiƙe ta zama tsumman sanyi, kuma ita Steinunn ce ta sa ta a ƙarƙashin ƙwan.

Ta zura takalmin roba, ta sunkuci buhu ɗaya. Ketill ya riga ta isa ƙofa ya tsaya.

"Ina za ki, Steina?"

"In mayar musu da kayansu."

"Ki taka can yanzu, duk su tashi. Ƙwan ya sha iskar nan ko na ƙiftawar ido ne, shi ke nan an gama. Ke kika koya min."

Ta yi masa kallon da da can yake sa shi matsawa, amma yau ko gezau. Gaskiyarsa ce, kuma wannan ne ya fi ɓata mata rai. Ta ajiye buhun ta cire takalmi.

Sai zama ya kama su, kwana da kwanaki. Suka toshe kafar taga da tsofaffin safa, suka tara tukwane inda rufi ke yoyo, suka fito da rigunan hunturu da aka riga aka ninke aka adana. Ketill ya yi ta haɗa kofi, yana shafa wa busasshen kifi man shanu yana tura mata, ita tana turo masa. Rediyo ya ce an rufe hanyoyin kan tudu, manoma na tono 'yan raguna daga cikin dusar ƙanƙara, a watan da ya kamata yara na yawo babu hula. Ketill ya gwada zolaya, ya ce tumbinsa ne da ya shanya ya tsokano iskar. Ba ta yi dariya ba. Tunaninta ɗaya ne, cewa aikin da uwarta ta bar mata zai watse a hannunta saboda gaggawar yini guda, baɗi ta fito ta tarar da duwatsu babu kowa a bayansu.

Wata safiya iskar ta ɗan sassauta. Ba ta tsaya ba, amma mutum na iya miƙewa a cikinta. Steinunn ta cusa gashi a cikin rigarta har ta yi ƙatuwa, don kada ya jiƙe, suka fita, Ketill na tafe ta ɓangaren iska yana kare ta da jikinsa.

Da suka hau tudun da ke kallon arewa, ta duba gangaren. Ko'ina fari fat. Babu sheƙa, babu tsuntsu, babu motsi. Ta ce a ranta sun gudu.

Sai wani ɗan tsiri mai kama da dutse a gaban ƙafarta ya ƙifta ido.

Ta tsaya cak. Ta sake duban gangaren a hankali, sai ta ga ashe duk 'yan tsirin nan da ta ɗauka duwatsu ne, agwagi ne. Suna nan birjik har bakin ruwa, ƙanƙara ta lulluɓe bayansu ta daskare, babu abin da ya fito sai baki da ƙwayar ido. Kowace ta juya ƙirjinta ga arewa, ta ba iskar fuska. Abin da ya girgiza gida ya kori mutane ɗaki, waɗannan halittu da ba su fi tulu girma ba sun zauna a cikinsa a fili, babu ci babu sha, ba su matsa ko taku ɗaya ba. Tsoro da girmamawa suka cika Steinunn, irin wanda ko a coci ba ta taɓa ji ba. Ketill ya cire hularsa a cikin wannan sanyi.

Ba duka suka tsira ba. A can bakin gaɓa, inda igiyar ruwa ta kai, sun sami sheƙuna babu uwa, ƙwai a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa sun yi sanyi kamar duwatsun rafi. Steinunn ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zubo mata, ba ta damu ta share ba.

Daga nan ta rarrafa zuwa dutsen farko da uwarta ta kafa. Akwai wata tsohuwar agwagwa da ke kwanci a bayansa shekara da shekaru, ta saba da hannun Steinunn har ba ta tashi in an zo. Tana nan. Steinunn ta durƙusa ta hura hannunta, ta zura shi a hankali ƙarƙashin tsuntsuwar. A gefe ta ji ciyawar da ta sa, sharkaf, sanyi ƙalau. Ta ƙara turawa ciki, sai yatsunta suka nutse cikin laushi mai ɗumi. Sabon gashi ne. Ta juya tafin hannunta sama, ta ji fata tsirara, zafi rau, babu ko sili ɗaya a ƙirjin. Agwagwar ta sake fige kanta a tsakiyar iskar, har ta kai fata, ta mayar da abin da aka ɗauke mata.

A ƙarƙashin yatsunta, daga cikin ƙwai ɗaya, wani abu na ƙwanƙwasawa, ƙas, ƙas.

"Yaya?" Ketill ya tambaya ƙasa-ƙasa. "Da rai?"

Ta gyaɗa kai. Agwagwar ta juyo da ido ɗaya ta dube ta, babu tsoro babu fushi, sannan ta mayar da fuskarta ga iska.

Steinunn ta buɗe rigarta ta ciro gashin da ta kwashe. Ta zare jiƙaƙƙiyar ciyawar kaɗan kaɗan, tana cusa gashin a gurbinta kewaye da ƙirjin nan da ke tsirara, tana ba agwagwar haƙuri a hankali kamar yadda ake ba babba.